Ranar Da Na Ce Wa Baban Rabi Ya Ɓace

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Juma'a a unguwar Limawa ta Minna ba, kuma wallahi ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Na yi iya yina. Har yau in ina zaune ni kaɗai abin ya faɗo min a rai, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi, na kusa da ni ya juyo yana tambaya ko lafiya. Lafiya ƙalau. Tsohuwar kunya ce kawai take taso min kamar ƙwannafi.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Tunga, ina haya a ɗaki ɗaya a Dutsen Kura, kuma ina neman auren Rabi. Tsakanina da ita babu wata matsala. Matsalar babanta ce, Alhaji Hasan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Dogon mutum ne mai farin gemu, kuma tunda nake zuwa layinsu ban taɓa ganin haƙoransa ba. Shi ne ya aiko ta bakin Rabi cewa kafin kowa ya turo masa magabata, yana so ya ga yaron da idonsa, ya ji magana daga bakinsa. Ya sa rana, Juma'a ta uku mai zuwa, bayan la'asar. Kafin ni an yi wani ma'aikacin banki da ya je irin wannan zaman, har da motarsa, daga ranar bai ƙara biyowa ta layin ba.

To ni kuwa ga cutata. A gaban allo, ko ɗalibai nawa ne, bakina ba ya gajiya. Amma a ajiye ni gaban dattijo, shi ke nan, bakina ya mutu. Sau biyu na taɓa cin karo da Alhaji a ƙofar gida. Karon farko na durƙusa na ce masa "ina kwana" ana shirin kiran magariba. Karo na biyu na buɗe baki na rufe, na sake buɗewa na rufe, har ya gaji da jira ya shige ciki. Rabi ta ce da ya shiga sai da ya tambayi mahaifiyarta ko yaron nan kurma ne. (Tana ba ni labarin tana ƙyalƙyala dariya. Ni ban ga abin dariya ba.)

A ofishin malamai na kai kukana wurin Mista Bitrus, malamin kimiyya, mutumin Kudancin Kaduna, abokina kuma maƙwabcina a Dutsen Kura. Bitrus mutumin kirki ne, ba ya ganin ka cikin damuwa ya wuce. Amma yana da ciwo guda ɗaya. Duk abin da ya karanto a shagon intanet ya zama gaskiya ke nan, kuma sai ya nemo jikin da za a gwada abin a kai. Shi ne ya taɓa sa ni shan tafarnuwa da lemun tsami har mako guda wai don ƙarin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa dai ba ta ƙaru ba, ɗalibai ne suka daina zama a layin gaba.

Washegari sai ga shi da takardu shida da ya bugo, ya dire min su a kan tebur.

"Malam, wahalarka ta ƙare," in ji shi. "Akwai hanyar da mutum zai shiga mafarki amma ya san mafarki yake yi. Da ka gane, kai ne oga a wurin. Ka ce dutse ya matsa, ya matsa. Ka ce za ka tashi sama, ka tashi. To kai sai ka kira Baba a cikin mafarkin, ka zaunar da shi, ka yi ta gwada magana kullum har bakinka ya saba. Ranar da za ka je wurin na gaske, kamar shan ruwa."

Na ce, "Kai ka taɓa yi?"

"Ni barcina yana da nauyi. Amma Turawa suna yi kullum."

Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, har godiya na yi masa.

Sunan abin da Turanci ya fi ƙarfin bakina, ni dai na raɗa masa mafarkin ido biyu. Takardun suka ce mai farawa abu uku zai yi. Na farko, ya ajiye littafi a gefen katifa, da ya farka ya rubuta duk abin da ya gani kafin ya gudu. Na sayi sabon littafi fil, na sa masa bango. Cikin kwana huɗu na gano cewa mafarkaina ba su da aji ko kaɗan. Ga ni ina sayar wa shugaban makarantarmu doya a cikin kwalekwale. Ga ni ina neman takalmina ƙafa ɗaya a ƙofar masallaci har mafarkin ya ƙare ban gan shi ba. Mutum yana yi wa kansa kallon mai ilimi, ashe tarkace ne cike da kan.

Na biyu shi ne wanda ya kai ni ya baro. Wai sau goma ko fiye a wuni ka tsaya ka tambayi kanka tsakani da Allah, "Shin mafarki nake yi?" sannan ka gwada. In ka saba da rana, wata rana za ka yi tambayar kana barci. Gwajin kuwa ga shi. Ka danna makunnin lantarki, domin a mafarki ƙwan ba ya kamawa. Ka dubi agogo, domin a mafarki agogo shirme yake nunawa. Ka kuma lura da duk abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar akuya tana magana ko abu ɗaya ya zama biyu. Har da jan kunne wai kada ka dogara da mintsinin kanka, saboda a mafarki ma ana jin zafi. (Da sun bar min mintsinin nan, da ban shiga uku ba.)

Na uku kuma, ka sa waya ta tashe ka wajen ƙarfe uku, ka zauna rabin awa kana nanata "zan gane mafarki nake", sannan ka koma barci. Baturen da ya rubuta wannan bai san da sallar asuba ba. Ni sai barcina ya rabu gida uku, kowane yanki bai isa a kira shi barci ba.

Haka na duƙufa ba ji ba gani. Ina tsakiyar koyar da ɗalibai sai in tsaya cak, in ƙura wa agogon hannuna ido, in taka zuwa bango in danna makunni. Ƙwai ya kama. In kashe, in dawo kan allo kamar ba abin da ya faru. A makarantar akwai janareta, don haka kullum na danna sai ya kama, ni kuwa sai na ƙara yarda cewa gwajin nan gaskiya ne. A mako na biyu shugaban makaranta ya kira mai gyaran wuta ya duba ajina, wai ɗalibai sun kai ƙara cewa makunnin yana damun Malam. Ina tsaye mutumin ya kwance shi ya mayar, ya ce shi bai ga komai ba. Na ce ai ni ma haka na gani.

A mako na uku abubuwa suka fara cakuɗe min. Wata Talata na farka, na yi wanka, na hau acaɓa, na isa makaranta, na koyar da darasi guda cur, har na kori wata yarinya mai surutu. Sai kawai na buɗe ido na gan ni a kan katifa, rana ta take, ƙarfe tara saura. Na iso makaranta a guje ina haki, na tarar da yarinyar da na kora tana zaune abinta a inda take, na rasa ko in ba ta haƙuri ko in sake korar ta. Da na gaya wa Bitrus sai ya buga tebur don murna.

"Shi ke nan, ka kusa! Ai yana cikin takardar. Farkawar ƙarya ke nan. Ka ga kamar ka farka, alhali kana ciki. Nan gaba duk lokacin da ka farka, kada ka yarda, ka gwada tukuna."

Sau ɗaya tak na kusa dacewa. Na ga saniya ta goyo wata saniyar a kan babur a shataletalen Tunga, sai na ce a raina, kai, wannan ba daidai ba ne. Na ƙwala ihu, "Na gane!" Ihun ne ya tashe ni. Bitrus ya buɗe shafi na biyar ya nuna min da yatsa. Wai ɗoki ne ke kore mafarki. Da zarar ka gane, ka natsu, ka murza tafukan hannunka, ka juya a tsaye sau uku, mafarkin zai zauna daram. Na haddace wannan kamar karatun allo. Shi kuwa Alhaji, wanda don shi ake duk wannan wahala, ko sau ɗaya bai leƙo mafarkina ba.

Ranar Juma'ar ta zo ban gwada ko kalma ɗaya ba, ga idanuna sun yi ja, kaina yana yawo. Tun safe abinci ya ƙi shiga saboda fargaba. Bayan an sauko daga masallaci na ga jiri yana neman kayar da ni, sai na tsaya wurin wata Bafulatana da na saba sayen nono a hannunta, ta dama min fura mai kauri cike da ƙwarya. Na shanye tas. Duk wanda ya san fura da zafin Minna ya san abin da ke biyo baya, ni ma na sani, amma ranar hankalina ba ya jikina.

Na yi la'asar a masallacin layinsu, na yi sallama a ƙofar gida cikin sabon kaftanina da hula. Rabi ce ta shigar da ni falo tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba ya je tasha tarbo Baffa, daga Kontagora yake. Yanzu za su shigo. Don Allah Malam, ka buɗe baki ka yi magana. Ko me ya tambaye ka, ka amsa."

Ta fita. Na zauna a ƙasa kan darduma kamar yadda ya kamata, na ɗan jingina da ƙafar kujera. Ɗakin shiru, ga zafi, ga fura. Na ce bari in rufe ido minti ɗaya in tsara abin da zan faɗa.

Gyaran murya ce ta sa na buɗe ido.

Alhaji Hasan yana zaune a kan doguwar kujera, da farar babbar riga, da farar hula, carbi a hannu, fuska a ɗaure tamau. A gefensa kuma ga Alhaji Hasan yana zaune, da farar babbar riga, da farar hula, carbi a hannu, fuska a ɗaure tamau.

Na rufe ido. Na buɗe. Suna nan su biyu.

Kaina ya ɗaure. Na dubi na hagu, na dubi na dama. Gemu ɗaya, hanci ɗaya, hatta yadda suke jan carbin iri ɗaya. Sai tambayar nan da na yi mako uku ina yi wa kaina ta taso da kanta. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Tara da minti goma. Ga rana tana shigowa ta taga, ni da na san na yi la'asar kafin in shigo. Ban gaida kowa ba, na miƙe tsaye, na ratsa ta gabansu na je bango na danna makunni. Shiru. Na kashe, na sake dannawa. Shiru. Farkawar ƙarya!

Jama'a, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Mako uku na wahala, yau ga ni a ciki, kuma ga Alhaji ya zo da kansa, har da ƙari. Na tuna da gargaɗin ɗoki. Na natsu. Na murza tafukan hannuna sosai har suka yi zafi, sannan na juya a tsakiyar falon sau uku, kaftanina yana buɗewa.

"Yaro, lafiya kuwa?" in ji na hagu.

Na ce, "Lafiya lau. Sai dai kun yi yawa. Ɗaya nake nema."

Na dube su da kyau, na zaɓi na dama, don fuskarsa ta ɗan fi tsanani. Na nuna shi da yatsa.

"Kai, ɓace."

Bai ɓace ba. Carbin hannunsa ne kawai ya tsaya. Na tafa hannu na sake cewa ya ɓace, ya ci gaba da kallona. Ban damu ba, don takardun sun ce mai farawa ba komai ne ke yi masa biyayya ba. Na ce, "To zauna, amma ka yi shiru."

Na waiga na ga wata kujera mai laushi ita kaɗai a gefe, wadda ko ba a faɗa ba ka san ta maigida ce. Na hau na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Akwai farantin dabino a kan tebur, na ɗebi uku na watsa a baki. Har ina mamakin yadda dabinon mafarki yake da zaƙi. Sannan na fuskanci na hagu.

"Baba, ka saurare ni da kyau, don in na farka ba zan iya faɗa ba. Ni malamin makaranta ne. Albashina bai taka kara ya karya ba, ɗaki ɗaya gare ni, ba ni da mota, ko babur ba ni da shi. Amma ina son Rabi. Ina sonta tun ranar da ta zo makarantarmu ta tsaya gaban shugabanmu ta wanke shi tas saboda an doki ƙanwarta ba da laifinta ba. Karatun jinyar da take yi ba zan hana ta ba, ko da zan koma yin acaɓa da yamma. Ba zan taɓa ɗaga mata hannu ba. In ka ji ta yi hawaye a gidana, to albasa take yankawa."

Maganar tana fita kamar an buɗe famfo. Ni kaina ina jin daɗin muryata. Na ƙara ɗaukar dabino.

"Kai kuma Baba, don girman Allah ka riƙa sakin fuska. Mutum ya zo gaishe ka sai ya ji kamar an kawo shi gaban alƙali. Duk layin nan tsoronka ake ji. Me aka yi maka ne?"

Na lura kafaɗun na hagu suna rawa, ya sa hannun riga ya rufe baki. Ya ce, "To, madalla. Sai me kuma?"

Na ce, "Na yau ke nan. Gobe ma zan kira ka."

Da a nan na tsaya, da wataƙila da sauran gyara. Amma na ga mafarkin bai watse ba, ga shi tun ina yaro nake sha'awar tashi sama. Na ce bari in koma Dutsen Kura ta sama, in huta da kuɗin acaɓa. Na ture farantin dabino gefe, na taka teburin tsakiyar falon na hau, na ware hannuwa biyu, na ɗaga ƙafa ɗaya.

A daidai nan aka kawo wuta.

Ƙwan da na bari a kunne ya haska fal. Fankar sama ta yi ƙara ta fara juyawa, fiffikenta ya kwashe hulata ya yar a bayan kujera. Daga waje na ji yaran unguwa sun ɗauki ihun murna gaba ɗaya. Ina nan tsaye da ƙafa ɗaya, na ƙura wa ƙwan ido. A mafarki ƙwai ba ya kamawa. To wannan ya kama.

Labule ya ɗaga, Rabi ta shigo da tire da kofunan zoɓo. Ta tsaya cak.

"Malam? Me kake yi a kan tebur?"

Ta juya wurin na hagu ta ce, "Baffa, me ya faru?" Sannan ta juya wurin na dama, wanda na ce ya ɓace, wanda na ce ya yi shiru, ta ce, "Baba?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hasan. Sunan mutumin nan Hasan. Shekara guda ina zuwa gidan, ni mai koyar da lissafi, ban taɓa tambayar kaina ina Usaininsa yake ba.

Na sauko daga teburin a hankali, na zube a ƙasa, na sunkuyar da kai. Na nemi abin faɗa sama da ƙasa. Abin da ya fito shi ne, "Ina kwana."

Baffa ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya har da tari. Alhaji kuwa muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya ce, "Tashi ka tafi."

Da ƙafa na taka daga Limawa har Dutsen Kura, kai ba hula, 'yan acaɓa suna ta yi min hon ban ko waiga ba. Sau biyu a hanya na tsaya na mintsini kaina da ƙarfi, ina roƙon Allah ya sa in farka.

Kwana huɗu Rabi ba ta ɗaga wayata ba. Abinci ya fita raina, na shiga aji na rubuta lissafi a allo na kasa warware shi. Tsoro na ji na gaske, don na san na rasa ta, kuma da hannuna. A rana ta biyar ta ɗauka, muryarta ta dushe.

"Baba ya ce shaye-shaye kake yi. Inna ta ce aljanu ne. Ni ban san me zan ce musu ba."

Na kwashe komai na gaya mata, tun daga takardun Bitrus har saniya a kan babur. Na ce agogo ya nuna tara da minti goma.

"Agogon nan ya fi shekara biyu ba batir! Kuma ai na ce maka Baffa zai zo."

"Ba ki ce min tagwaye ba ne."

"Sunansa Hasan, Malam!"

Can ta ja numfashi ta ce Baffa ya ƙi komawa Kontagora, ya ce sai an sake kiran yaron nan, kuma ya zo da wanda ya ɗora shi a kan wannan hanya.

Haka muka tafi ranar Lahadi da yamma, Bitrus cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, da takardu shida a hannu, yana ta ce min in kwantar da hankali alhali shi ma gumi yake yi. Muka zube a kan darduma. Wannan karon Baffa ya sa shuɗiyar riga, na kuma san don ni ya yi. Bitrus ya fara bayani yana haɗa Hausa da Turanci, Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya karɓi takardun, ya sa tabarau. Ashe Turancinsa ya fi namu mu biyu. Ya karanta shafi shida ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya cire tabarau.

"Mista Bitrus, wanda ya rubuta wannan, a garinsu ana ɗauke wuta?"

"Ba na jin ana ɗaukewa, Baba."

"To."

Baffa ya gyara zama ya ce, "Hasan, ni dai ga abin da na gani. Yaron nan ya ɗauka ba mai ganinsa, ba mai tuhumarsa, duk abin da ya ga dama zai yi ya tashi lafiya. Da wani ne, Allah kaɗai ya san abin da za mu ji. Shi kuwa sai ya faɗi talaucinsa da bakinsa, ya roƙi aure, ya ci dabino."

"Ni kuma ya ce in ɓace," in ji Alhaji. "A cikin ɗakina."

Ya juyo gare ni.

"Waccan maganar ɗan'uwana ka yi wa. Shi ba shi da 'ya mai suna Rabi. Yanzu idonka biyu?"

"Biyu, Baba."

"Ka tabbata? Ga makunni can in kana so ka duba."

Bitrus ya ƙware da yawu. Na ce na tabbata.

"To faɗa min. Ina jin ka."

Shi ke nan, aka dawo inda aka fara. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Duk kalmomin nan masu daɗi na ranar Juma'a suka gudu suka bar ni. Ina jin motsi a bayan labule, na san Rabi ce da mahaifiyarta. Gumi yana ɗiga daga haɓata zuwa darduma, ina kallon ɗigon. Na san in na tashi daga wurin nan ban yi magana ba, ba za a sake kira na ba har abada. Na dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baba... ni ba ni da komai." Na tsaya na haɗiyi yawu. "Amma ina so... ina so a ba ni Rabi." Muryata ta sarƙe, sai da na jira ta dawo. "Ba zan wulaƙanta ta ba. Wallahi ba zan yi ba."

Iyakar abin da na iya ke nan, kuma ya ɗauke ni lokacin da ya isa a yi alwala. Alhaji ya ja carbinsa ya kai ƙarshe, ya sake jawowa, yana kallona.

"Ta ranar Juma'a ta fi daɗin ji," in ji shi. "Amma wannan ce na karɓa, don na ga yadda ta fita da ƙyar. Je ka turo manyanka."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba, a gaban Bitrus, a gaban kowa. Muna sa takalma a bakin ƙofa Baffa ya biyo ni ya raɗa min cewa hulata tana wurin mahaifiyar Rabi, kuma ta rantse ba za ta bayar ba sai na sha rubutu na kwana bakwai. Na sha, har da na kwana na takwas da ta ƙara don a tabbatar.

Mafarkin ido biyu dai har yau ban taɓa yin sa ba, kuma na bar wa masu wuta. Abin da na koya ɗan kaɗan ne, amma na biya shi da tsada. Duk ranar da ka rasa gane ko mafarki kake ko ido biyu, to ɗauka ido biyu kake. Cire takalminka, durƙusa, gaida duk wanda ka tarar, ko da su biyu ne iri ɗaya. In mafarki ne, gaisuwa kawai ka yi asara. In kuwa ba mafarki ba ne, ka tsira da mutuncinka da hularka.